Hatimin Mama a Hannun Todosia

Shekara hamsin da ɗaya mahaifiyata, Palaga, ta yi tana gasa burodin jibi, wato na Jibin Ubangiji, na cocin ƙauyenmu. Duk burodin da Fada ya yanka a kan bagade a tsawon shekarun nan, da hatiminta aka buga shi. Ɗan katako ne da bai cika tafin hannu ba, kakana ya sassaƙa shi, gicciye a sama, haruffan sunan Yesu a ƙasa, ya yi baƙi saboda yawan riƙo. Tun ina yarinya kowa ya san nawa ne idan Mama ta rasu.

Sai ta rasu ina Padova a Italiya, ina yi wa uwar wasu wanka ina ba ta abinci a baki. Sau uku na ce mata a waya nan da sati biyu zan zo. Na iso kwana huɗu bayan an binne ta. Maƙwabciyarmu Todosia, wadda muke kira Lele kamar kowace dattijuwa a wurinmu, ita ce ta yi jinyarta, kuma a hannun Todosia na tarar da hatimin. Ta ce Mama ce ta danƙa mata shi da kanta. Ban yi gardama ba. Na koma Italiya da abin a raina: uwata ta tsallake 'yar cikinta ta ba bare, to ta mutu tana fushi da ni ke nan.

Bayan shekara uku na kwaso kayana na dawo gaba ɗaya. Sati guda kafin babban azumi na je wurin Fada Ilarie na ce a ba ni hatimin gidanmu. Mijina ya rasu tuni, ba na shan giya, ba wanda ya taɓa jin sunana a wata magana. Me kuma ake nema a wurin mai gasa burodin jibi?

Fada ya shafa gemunsa. Mutum ne da ba ya son rigima, ko kaza ce ta tare masa hanya sai ya kauce mata.

Ya ce, "Anisia, hatimin nan ba tukunya ba ce da za a raba gado a kanta. Ki je wurin Lele Todosia ki koyi aikin a cikin azumin nan. Asabar ɗin Li'azaru, saura sati guda Ista, zan zo in gani. In ta ce kin isa, shi ke nan."

Na ce, "In koya? Fada, a cikin garin fulawar nan na yi rarrafe."

"To ai abin zai zo miki da sauƙi."

Haka na zama ɗaliba ina da shekara hamsin da uku, a ɗakin girkin matar da ta cinye mini gado.

Todosia 'yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, baƙin ɗankwali kullum ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Duk ƙauyen yabon tawali'unta ake yi. A coci can bayan ƙofa take tsayawa. In an ba ta kujera sai ta ba wani. Ni kuwa na zauna da tsofaffi shekara ashirin, na san irinsu. Akwai mai sunkuyar da kai don ta fi ganin inda za ta taka ki.

Asabar ta farko na je da safe, cikina babu komai kamar yadda doka ta ce, da wankakkun kaya. Ta kunna kyandir a gaban hoton Budurwa Maryamu. Ga akushin kwaɓi a kan tebur, ga fulawa an tankaɗe, ga ruwa mai tsarki a ƙaramar kwalba. Sai ta juyo, ta lanƙwashe tsofaffin gwiwoyinta, ta sa goshi a ƙasa daidai gaban takalmina.

"Ki gafarce ni, Anisia."

Na san dokar. Ba a taɓa kwaɓin jibi da gaba a zuciya. Mama ta sha zagaye gidanmu da sassafe tana neman gafara har wurin babana, wanda shi ya kamata ya nemi tata. Amma Mama kai kawai take ɗan dukarwa. Wannan zubewa ƙasa, a ganina, wasan kwaikwayo ne.

Na ce, "Allah ya gafarta. Ni ma ki gafarce ni, Lele." Na ɗan kaɗa kai kamar mai korar ƙuda.

Ta tashi da ƙyar, ta ja kujera kusa da tanderu, ta zauna, ta naɗe hannuwanta a cikin ɗan zanen gabanta.

"Fara."

"Ba za ki nuna mini ba?"

"Ai kin ce a ciki kika yi rarrafe."

Wato Fada ya kai mata maganata. Na naɗe hannun riga na fara. Ban gama zuba ruwa ba ta ce ya yi zafi, zai kashe yis. Na sirka, ta ce ya yi sanyi. Na murza kwaɓin har kafaɗuna suka riƙe, ta leƙo daga inda take zaune ta ce, "Wannan na tuwon masara ne. Ƙara gari. Ki murza har sai ya yi tauri kamar kunnenki, in ba haka ba rubutun zai gudu."

Da lokacin bugawa ya yi ta ciro hatimin daga ƙirjinta, naɗe a farin ƙyalle. Har yanzu akwai ɗan tsagin nan a gefe, inda na taɓa cizonsa ina jaririya. Na buga biyar, na huda kusurwoyin da tsinke. Ban ɗago ba ta riga ta miƙo hannu.

"Kawo."

Ta goge shi, ta mayar ƙirji. Burodin ya fito a kumbure, haruffan sun baje ba mai iya karantawa. Fada ba zai iya yanke rabon jibi daga irin wannan ba. Muka sake, wato na sake, ita tana zaune. Sai a karo na uku biyar suka fito da kyau. Goman da suka lalace ta ɗaure mini a tawul.

"An riga an buga musu sunan Ubangiji. Ba a ba kaji, ba a ba alade, ba a zubarwa. Wadda ta ɓata ita ke ci."

Sati guda ina cin busasshen burodi da miyar wake marar mai. Kowace loma da sunanta nake haɗiyewa.

Haka muka yi ta yi. Kowace Asabar ta zube ƙasa ta nemi gafarata, ta tashi ta hau kujera ta mulke ni da baki. Ko sau ɗaya ba ta sa yatsa a kwaɓin ba. Ranar Lahadi kuwa mata su kewaye ta a bakin coci, "Lele Todosia, burodin bana ya fi na kullum." Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba hannuna ba ne." Su ɗauka tawali'u ne. Ina tsaye a gefe, kafaɗuna na ciwo, kamar in shaƙe ta.

A Asabar ta huɗu na kasa haƙuri. Tana ƙasa, goshinta a daɓe, na ce, "Lele, ki rage wannan faɗuwar. Ba kowa a nan sai ni, ba mai tafa miki."

Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa. "Ba don ke nake yi ba."

"Na sani. Don a ce ke waliyyiya ce. Waliyyiyar da ta samu baiwa daga Italiya."

"In baiwa nake nema da na zaɓi mai saurin hannu."

"Hannun naki me ya same shi? Ya shanye ne?"

Ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Babu tawali'u ko ƙwaya a ciki. Ƙiyayya ce tsagwaronta, irin tawa. Sai na ji wani sanyi a raina, don aƙalla na ga gaskiyarta.

Ta ce, "Ruwanki yana hucewa. Kuma a kan kwaɓi addu'a ake yi, ba surutu ba. Uwarki ba ta gaya miki ba? Ko a waya ba a jin irin wannan?"

Da ba don kyandir na ci a gaban Budurwa ba, da na kifa mata akushin a ka. Na dunƙule hannu na danna cikin kwaɓin, ina karanta addu'ar da baki, zuciyata na zaginta. Ranar tun karon farko biyar ɗin suka fito sumul.

Asabar ɗin Li'azaru Fada Ilarie ya zo, takalminsa duk taɓo, don ƙanƙara ta fara narkewa. Ya juya burodin ɗaya bayan ɗaya, ya karanta haruffan, ya ce kamar na marigayiya. Sannan ya dubi Todosia.

"To, Lele, ɗalibar taki ta isa?"

Na riga ta magana, don na san abin da za ta ce. "Fada, kafin ta ce ban isa ba, ka tambaye ta burodi nawa ta kwaɓa a azumin nan. Ko ɗaya. Ni ke yi, ita ke karɓar yabo. In wannan ne tawali'u, to ni ma a ba ni kujera."

Fada ya fara neman hanyar kaucewa. "Anisia, a hankali..."

Todosia ta ce, "Gaskiya ta faɗa."

Ta sauko daga kujera ta durƙusa, wannan karon ba ta kai goshi ƙasa ba. Ta ciro ƙyallen daga ƙirji ta riƙe da hannu biyu.

"Ban kwaɓa ba don ban isa in kwaɓa ba. Tun ranar da ta sauko daga mota da akwatunanta na ji na tsane ta, har yau kuma abin bai fita ba. Ba zan sa wannan hannun a jikin Ubangiji ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, hatimin nan ba ni aka ba. Kwana tara na ƙarshe Palaga ba ta gane kowa. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, amma Anisia take kirana. Da ta sa mini shi a hannu, cewa ta yi, riƙe, 'yata, naki ne. Na san wa take nufi. Na yi shiru. Na ce wa kaina ai waccan ba za ta dawo ba, kuma ba ta cancanta ba. Shekara uku ina gasa wa coci burodi da hatimin da na sata."

Fada ya ajiye burodin da ke hannunsa.

Ta miƙo mini hatimin. "Aikin ta iya, Fada. Hannunta ya fi nawa. Ki gafarce ni, Anisia."

Ya kamata in ji daɗi, ko ba haka ba? Mama ba ta tsallake ni ba. Amma abin da ya taso mini wuta ce. Shekara uku ina kwana ina tashi da cewa uwata ta mutu tana fushi da ni. Shekara uku ban iya kallon hotonta ba. Wannan matar ta sani, kalma ɗaya za ta faɗa, ta bar ni ina ruɓewa a ƙasar mutane, tana nan bayan ƙofar coci ana yabonta.

Na fizge hatimin. Fada ya ce, "Anisia, tana jiran amsa."

Na ce, "Ta jira. Ai ta iya durƙuso."

Na fita na bar ta a ƙasa.

Kafin Lahadi da yamma duk ƙauyen ya ji, kuma ba daga bakina ba. Ita da kanta ta tsaya a bakin coci bayan sujada ta faɗa wa matan. Waɗanda suke sumbatar hannunta jiya suka fara ɗauke kai. Wata ta tsayar da ni a shago ta ce, "Dama ni ban taɓa yarda da ita ba." Wannan matar ce ta fi kowa yabonta. Na so in ji daɗi, sai na ji ƙyama.

Ranar Laraba ya zama dole a gasa na Alhamis Mai Tsarki, ranar da kusan kowa ke karɓar jibi. Na share ɗakin girkin Mama, na wanke akushinta, na kunna kyandir. Ba wanda zan nemi gafararsa a gidan, ni kaɗai ce. Na ce wannan ma sauƙi ne. Na kwaɓa, na murza, na buga, ba mai miƙo hannu ta ce kawo. Na gasa.

Ban taɓa ganin burodi mai kyau irin wannan ba, ko a hannun Mama. Fari, a daidaice, kowane harafi ya fito kamar da wuƙa aka yanka. Na so a ce ya ƙone ko ya baje, in samu abin da zan ɗora wa laifi. Bai yi ba. Kwaɓi ba ya sanin abin da ke zuciyar mutum, mai shi ce ta sani.

Na ɗaure su a tawul ɗin Mama mai jan ado, na kama hanyar coci. Dole sai ta ƙofar Todosia. Ina tafiya wani tunani ya maƙale mini ya ƙi saki. Sati shida ɓarauniyar ta naɗe hannunta don tsoron Allah, ta yarda in zage ta da lalaci. Ni 'yar Palaga, mai gado, na zuba nawa hannun cikin kwaɓin har gwiwar hannu, ina tsine mata, ban taɓa jin ko ɗar ba. Duk ƙauyen sun ci wannan burodin a kan harshensu.

Na tsaya a ƙofarta na daɗe. Ba tausayi ya shigar da ni ba, kar a yi mini ƙarya. Haushi ne, da kuma tambaya ɗaya.

Tana zaune tana tsince wake. Ba ta ɗago ba.

"In kin zo ki ƙara ne, ki yi sauri. Matan ƙauye sun riga ki."

"Me ta ce?"

"Wa?"

"Kar ki raina mini hankali, Lele. Kwana tara kina amsa sunana. Me ta faɗa mini?"

Ta ture tiren waken. "Yanzu kike so ki ji? Ai da kin hau mota."

"Ki faɗa, ko in zauna a nan har Ista."

Ta murza ƙwayar wake a yatsa. "Ta ce kin rame. Ta ce mutanen can ba sa ba ki abinci. Kullum sai ta tura mini rabin miyarta, ni kuma in ci, don in ta ga ban ci ba kuka take. Shekara arba'in muna ƙawance. Ni na kwana a ƙasa a gefen gadonta. Ko sau ɗaya ba ta ce Todosia ba. Kin san yadda wannan yake? A'a, ba ki sani ba."

Ta jefa ƙwayar waken cikin tire, ta ci gaba.

"Ranar da za ta tafi ta kama hannuna ta ce, 'yata, ki gafarce ni, na riƙe ki a raina da kika ƙi zuwa. Na ce Allah ya gafarta, Mama. Na ce ni ma ki gafarce ni, na daɗe a hanya."

"Kika ce haka?"

"To wa zai ce? Kina nan ne? Wani ya kamata ya faɗa." Ta share hanci da bayan hannu. "Ta dafa kaina ta ce ta yafe, ta yafe duka. Sannan ta ba da hatimin. Gafararki ma a hannuna take, ita ma na riƙe. Ga ta nan, ɗauki."

Na zauna a kan bencin bakin ƙofa. Na yi kuka, irin mai muni, da majina. Ba ta lallashe ni ba, ta ci gaba da tsintar wakenta. Na tsane ta a lokacin fiye da kowane lokaci, don ta yi mini abin da ba zan taɓa iya yi wa kaina ba, kuma ta yi shi tana ƙina.

Da na nutsu na kwance tawul na jera burodin biyar a kan teburinta. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da taga.

"Ya yi kyau. Kai wa Fada."

"Ba za shi coci ba."

"Me ya same shi?"

"Wadda ta ɓata ita ke ci."

Ta dube ni, ta dubi burodin, ta ajiye shi a hankali. "Rana ta yi nisa. Gobe mutum ɗari biyu za su zo da baki buɗe."

"Na sani." Na ciro hatimin na ajiye kusa da akushinta. "Amsarki ta ranar Asabar. Allah ya gafarta. Ni ma na yafe, ko da yake ban san ko zai kai gobe ba."

"Ni ma nawa ban san ko zai kai ba."

Na sauka a kan gwiwoyina. Ban taɓa yi wa kowa haka ba, kuma daɓen nata sanyi gare shi. Na sa goshi a ƙasa gaban tsofaffin silifas ɗinta.

"Ki gafarce ni, Lele Todosia."

Ta bar ni a nan har bayana ya fara ciwo, don muguntar tata ba ta gama fita ba, kuma na san ina da bakin da ya jawo. Ina kallon ƙafafunta suka juya suka nufi bokiti. Na ji ta zuba ruwa a kwano, na ji ƙarar sabulu. Ta daɗe tana wanke hannu, har gwiwar hannu, yadda Mama ke yi.

Ta ce, "Allah ya gafarta. Tashi ki tankaɗe gari, ni zan kwaɓa."